Haifaffiyar Tarabulus da ta girma a Damagaram: nazarin lamari, 2003 zuwa 2023

Asali: Tarabulus, 2003 zuwa 2010

Wannan bayani ya shafi wata yarinya Bahaushiya da aka haifa a Tarabulus, babban birnin Libiya, a 2003, yaƙin 2011 ya kawo ta Damagaram tana da shekara takwas. An sakaya sunanta da na unguwarsu da na waɗanda suka yi jinyarta. Abin da ya faru kafin 2018 daga bakin uwarta da kakarta da ita kanta aka same shi. Ƙididdigar da ta biyo baya kuwa daga takardun asibiti take.

Ubanta magini ne, mutumin wani ƙauye a yankin Mirriya. Ya tafi cirani Libiya a 1998, shekarun da gwamnatin Gaddafi ta buɗe ƙofa ga ma'aikata daga ƙasashen kudu da Sahara. Tarzomar da aka yi wa baƙar fata a garin Zawiya a Satumba 2000 ta kori mutane da yawa, shi bai tashi ba don aiki yana tafiya. A 2002 ya ɗauko matarsa, suka kama ɗaki biyu a wani gidan haya da 'yan Nijar da 'yan Cadi suka cika. Yarinyar ce 'yar fari, sai ƙanne biyu maza. Ba a yi mata rajista a ofishin jakadancin Nijar ba, takardar asibitin da aka haife ta ita kaɗai ce shaidarta.

Hausa ake yi a ɗaki, Larabci a waje. Da yake iyayen ba su da takardar zama, a wata 'yar makarantar kuɗi ta unguwa aka sa ta tana shekara shida. Cikin shekara ɗaya da rabi ta iya karatu da rubutu da Larabci, ta haddace izu biyu. Kanta yana ja, malamanta ma sun faɗa.

A wannan makarantar ce kuma ta fara sanin cewa launin fatarta abin magana ne. A bencin baya ake zaunar da ita. In ta sha ruwa a kofin aji, 'yan matan sai sun ɗauraye shi kafin su kai baki. A hanya yaran unguwa suna jifan ta da tsakuwa suna kiran ta baiwa. Wata rana uwar ta same ta a banɗaki tana dirzar hannunta da soson ƙarfe na wanke tukunya har jini ya tsatso. Da ta tambaye ta, sai ta ce, "Inna, so nake ya fita." Uwar ta yi mata faɗa, ta shafa mata basilin, maganar ta mutu a nan. Tarbiyyar da iyayen suka ba ta game da zagi guda ce: ki yi shiru, ki sunkuyar da kai, ki wuce, mu baƙi ne a ƙasar mutane.

Yaƙi da hanya: Fabrairu zuwa Disamba 2011

Bore ya tashi a Fabrairu 2011, jita-jita ta bazu cewa Gaddafi ya ɗauko sojan haya baƙar fata. Daga nan duk namiji baƙi ya zama abin zargi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Amnesty International da Human Rights Watch sun tattara shaida a kan kamen da aka riƙa yi wa ma'aikata 'yan Afirka bayan Tarabulus ta faɗa hannun 'yan tawaye a ƙarshen Agusta. A cikin waɗannan kwanaki wasu masu bindiga suka shigo gidan, suka fito da mazan tsakar gida, suka sa su durƙusa. Yarinyar tana leƙe ta ƙofa aka buga wa ubanta gindin bindiga a ka, aka jefa shi a bayan mota.

Uwar da yaran sun yi kusan wata biyu a ɓoye. A ƙarshen Oktoba suka sami mota zuwa Sabha, daga can suka hau babbar motar kaya irin wadda ake zaunar da mutane a kan lodi, suka bi ta Gatrun da Tummo da Madama. A wani shingen bincike aka ƙwace jakar da takardar haihuwar take ciki. Tsakanin Madama da Dirku motar ta lalace, suka kwana uku a rairayi ana auna ruwa da murfin jarka. Autan, ɗan wata goma sha huɗu, tun daga Gatrun yake gudawa. A dare na uku ya rasu, fasinjoji maza suka yi masa sallah suka binne shi a gefen hanya.

Sun huta a sansanin hukumar ƙaura ta duniya da ke Dirku, aka kai su Agadas, suka iso Damagaram farkon Disamba, gidan kakar ta wajen uwa. Damanar shekarar ba ta yi kyau ba, kuma gidan da kuɗin Libiya ke ciyarwa shi ne yanzu aka ƙara wa baki uku.

Shekarar farko a gida: Disamba 2011 zuwa Satumba 2012

Alamomin sun bayyana tun makon farko. Tana fitsarin kwance dare biyar ko shida a mako, abin da ta daina tun tana shekara uku. Tana farkawa da ihu. Ƙarar salansar babur takan sa ta shige ƙarƙashin gado, warin dizal ya sa ta amai. Ba ta magana da kowa a waje. Akwai kuma wata ɗabi'a da mutanen gidan suka ɗauka ladabi ne: ba ta shan ruwa sai ta ga kowa ya sha, ko da leɓenta ya bushe.

Gidan ya yanke cewa iska ta shafe ta a daji. Aka fara da rubutun sha da hayaƙi, babu sauyi. A Fabrairu 2012 aka ɗauko mai ruƙiyya, maza uku suka danne ta a tabarma yana karatu da ƙarfi a kunnenta wajen awa biyu. Ta yi ta fizge-fizge tana ihu da Larabci, aka ce ai ga aljanin nan yana magana. Bayan wannan ta kwana huɗu ba ta ce uffan ba, fitsarin kwance ya koma kowane dare.

Wani tsohon malami maƙwabci ya bi ta wata hanya. Bai taɓa ta ba. Kowace magariba yakan zauna a zaure tare da kakar, ya yi tofi a ruwa, ya biya mata addu'ar kwanciya ta maimaita. Ya kuma ce a mayar da shimfiɗarta jikin kakar, a bar fitila a kunne. Cikin wata ɗaya farkawa da ihu ta ragu daga kusan kullum zuwa sau biyu ko uku a mako.

Wani kawunta ya sayo diazepam, ƙwayar sa barci, a wurin masu tallar magani, ana ba ta rabin ƙwaya da dare har mako uku. Ta riƙa yin barci, amma ta wuni tana layi, da maganin ya ƙare mafarkin ya dawo fiye da da. A kan fitsarin kuwa an gwada duka, an gwada shanya tabarmarta a tsakar gida kowa ya gani. Babu wanda ya yi aiki.

An saki uban a Afrilu 2012 bayan tsohon maigidansa ya biya kuɗi, ya iso gida a Yuni, ramamme, ba ya son magana. Ya kafa doka guda: kada wanda ya ƙara ambaton Libiya, kada ya ji Larabcin can a gidansa. Sunan autan ma aka daina faɗa.

Makaranta: Oktoba 2012 zuwa Fabrairu 2013

Da yake ba ta jin Faransanci kuma ba ta da takarda, aka sa ta a ajin farko na firamare, tana shekara tara cikin 'yan shekara shida da bakwai. Babu wanda ya miƙa mata littafin Larabci ya ga abin da ta iya. Akwai makarantun Faransanci da Larabci a garin, amma dokar uban ta toshe wannan ƙofa tun kafin a yi maganarta.

Hausarta tana da karin Larabci, yara suka riƙa kwaikwayon ta suna kiran ta Baƙar Balarabiya. A Tarabulus baƙinta ne laifi, a nan kuma harshenta. Malamin ajin ya ɗauki shirunta taurin kai, yakan tsayar da ita gaban allo sai ta amsa. Ta fara zuwa kwana uku a mako, sannan ciwon ciki kowace safiya, a Fabrairu 2013 ta daina zuwa gaba ɗaya. Ba a bi sawu ba.

Shekarun shiru da man bilicin: 2013 zuwa 2017

Ta koma tallar gyaɗa. Ita ke ɗaukar faranti, ƙanenta ke kiran ciniki, don ita ba ta iya ɗaga murya a titi. Fitsarin kwance ya tsaya tana wajen shekara goma sha ɗaya, karin Larabcin ya goge, gidan ya ce ta warke. Ba ta zuwa tasha, ba ta bin layin da sojoji ke tsayawa, ba ta kallon mutum a ido. Ana yabon ta da kunya.

A wani biki gwaggonta ta ce mata cikin raha, "Ke kuwa 'yar nan, kin zauna cikin Larabawa amma ko ɗan haske ba ki ɗebo mana ba." A farkon 2017, tana shekara goma sha huɗu, ta fara cire kuɗi daga ribar talla tana sayen tub ɗin man clobetasol tana matsawa cikin man shafawa, tana haɗawa da wani mai ɗauke da hydroquinone, safe da dare, fuska da wuya da hannu. Ta yi haske, kuma an yaba.

A tsakiyar Nuwamba 2017 tashar CNN ta fitar da bidiyon da ake gwanjon baƙin haure a Libiya. Bidiyon ya zagaya wayoyi, gwamnatin Nijar ta kira jakadan Libiya ta nuna fushinta, maganar ta cika gidajen rediyo. Yarinyar ta gan shi a wayar wata ƙawarta. Mafarkin ya dawo kowane dare, ta daina fita talla, ta rage cin abinci. Dangi suka fara cewa aure ne maganinta.

Asibiti da awon farko: Janairu zuwa Maris 2018

Fata ce ta kai ta asibitin unguwa. Fuskarta ta feso da ƙuraje, ƙyasbi ya bazu a wuya da baya, nankarwa ta fito a damatsa, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta sami horon mhGAP, shirin Hukumar Lafiya ta Duniya da ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane matsalolin ƙwaƙwalwa. Ta sa uwar ta jira a waje, ta yi mata tambaya biyu: yaya barcinki, kuma me kike so man ya canza? Ta biyun ce ta sa ta kuka.

Ba a tsayar da man rana ɗaya ba, don clobetasol mai ƙarfi ne, in aka yanke shi kwatsam bayan shekara guda fata takan yi ja ta yi zafi, mai shafawa ta koma masa da gudu. An sauka zuwa hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, ana tazarar kwanaki har aka daina cikin mako shida. Mai hydroquinone aka tsayar nan take. Aka ba ta maganin ƙyasbi, aka ce man kaɗanya zalla za ta shafa, ta riƙa kare fuska daga rana. An auna hawan jini da sukari, lafiya lau. An kuma gaya mata tun farko cewa fatar za ta yi duhu fiye da asalinta na ɗan lokaci kafin ta daidaita.

An yi awo biyu, ana karanta mata tambayoyin da Hausa. Na farko CRIES-8 ne, tambaya takwas a kan kwana bakwai da suka wuce, huɗu a kan tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, huɗu a kan guje wa abin da ke tuna masa. Maki 40 ne ƙololuwa, daga 17 zuwa sama ana zargin ciwon firgici na bayan masifa. Ta sami 31. Na biyu ma'aunin Rosenberg ne na ƙimar da mutum ke ba kansa, jimla goma, maki 0 zuwa 30, ƙasa da 15 ana ɗaukar sa ƙasa-ƙasa. Ta sami 9.

Abin da aka fara gwadawa bai yi ba. Wata ƙungiya tana tara waɗanda suka dawo daga Libiya da Aljeriya, wajen mutum ashirin maza da mata, kowa ya tashi ya ba da labarinsa. Wani magidanci yana tsakiyar bayanin gidan yarin da aka tsare shi ta tashi ta fice, ta yi mako biyu ba ta dawo asibitin ba. Ma'aikaciyar ce ta bi ta gida, ta zauna da kakar da uban, ta roƙi a jingine maganar aure wata shida. Uban ya amince, da sharaɗin kada a tambaye shi komai.

Uwar ma aka gano ba ta barci, tana yawan kuka a ɓoye. Aka yi mata zama biyar na shirin PM+, minti 90 kowane mako: numfashi a hankali, rarraba matsala a warware ta ɗaya bayan ɗaya, komawa sana'a, da neman mutanen da za a jingina da su. Ta gama kafin a fara aikin 'yarta.

Igiya da duwatsu: Afrilu zuwa Yuni 2018

Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da aka horar ta yi mata zama goma na hanyar KIDNET, wadda masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara don yaran da suka ga masifa fiye da ɗaya. Zama ɗaya a mako, minti 90, ɗaki ɗaya, ƙofa a buɗe kaɗan kamar yadda ta nema.

Zaman farko bayani ne kawai: cewa abin da ke damun ta sananne ne, ba hauka ba ne, kuma tsoro zai ƙaru kafin ya ragu. A na biyu aka shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwarta, aka bar ƙarshenta a naɗe don shekarun da ke gaba. Dutse na nufin mummunan abu, fure na nufin mai daɗi. Da yake bazara ce babu fure, sai aka yi amfani da dabino. Ta jera dutse bakwai da dabino huɗu. Soson ƙarfen bai sami dutse ba, kofin makaranta ma haka. Da aka tambaye ta, ta ce waɗannan ai ba wani abu ba ne, haka rayuwa take.

Daga zama na uku ake bin igiyar daga haihuwa, a tsaya a kowane dutse a rage gudu: wace rana ce, wa ke wurin, me kika gani, me kika ji a hanci, me jikinki ya yi a lokacin, me yake yi yanzu. Manufar ita ce a ɗaure ƙara da wari da bugun zuciya da wuri da lokacinsu, har ƙwaƙwalwa ta karɓa cewa abin ya faru can, a 2011, ya wuce. Ma'aikaciyar tana rubutawa, a karanta mata a zama na gaba ta gyara. Doka ɗaya ba a karya ta: ba a tashi a tsakiyar dutse, sai an kai inda abin ya ƙare kuma numfashi ya sauka.

Matsala ta taso a zama na huɗu. In ta zo ranar da aka kama uban, Hausa takan ƙwace mata, sai Larabcin Tarabulus, ma'aikaciyar kuwa ba ta ji. Aka ɗage zaman aka samo wata malamar Islamiyya da ta yi zaman Sabha, aka yi mata bayanin riƙon sirri, ta zama tafinta. Shekara shida rabon yarinyar da ta yi wannan harshe a gaban babba ba tare da fargaba ba.

Dutse mafi nauyi ya fito a zama na bakwai. A daren da autan ya rasu, an miƙo musu rabonsu na ruwa, ita ta shanye saura. Tun ranar take riƙe da cewa ita ta kashe shi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Nan aka gane ladabin shan ruwa. Da izininta aka shigo da uwar a zama na takwas. Ma'aikaciyar jinyar ta yi bayani dalla-dalla: jariri mai gudawar kwana da kwanaki a zafin sahara ruwan gishiri da sukari yake bukata a kai a kai, a ƙarshe ma ƙarin ruwa ta jijiya, murfin jarka ɗaya ba zai sauya komai ba. Uwar ta ce, "Ni na miƙa miki ruwan da hannuna. Shi a lokacin ko nono ba ya iya haɗiya." A zaman ne aka ambaci sunan yaron, karo na farko tun 2012.

A ƙarshen Yuni CRIES-8 ya sauka zuwa 14, a Disamba ya kai 11. Mafarki ya koma sau ɗaya ko biyu a wata. Rosenberg kuwa daga 9 zuwa 12 kawai ya motsa. A Agusta uwar ta tsinci sabon tub ɗin man a ƙarƙashin katifa.

Aiki a kan fata, harshe da matsayi: Satumba 2018 zuwa 2020

Aka dawo da igiyar, wannan karon don abin da ta ƙi sa wa dutse. Zama shida, mako biyu-biyu, tare da malamar Islamiyyar. Aka bi kofin da bencin baya da jifan hanya ɗaya bayan ɗaya, kowanne aka kira shi da sunansa, wariyar launin fata, aka tambaye ta wa ya yi laifi a nan. Da farko amsarta kullum ita ce kanta. Malamar ta kawo mata aya ta 22 a Suratur Rum, inda aka lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, da tarihin Bilal, ta sa ta karanta da bakinta. Uwar ta zo zama ɗaya ta faɗa mata cewa "ki sunkuyar da kai" dabarar tsira ce a ƙasar da ba su da gata, ba don masu zagin suna da gaskiya ba. Kakar kuma ta ja kunnen gwaggon a kan wasa da launin yarinyar.

Samun sabuwar takardar haihuwa ya ɗauki wata bakwai, don wadda aka haifa a waje sai da hukuncin kotu da shaidu da takardun uban. Uban da kansa ya yi zirga-zirgar, kuma a gaban alƙali ne ya fara furta sunan unguwarsu ta Tarabulus. Bayan haka dokar hana Larabci ta mutu ba tare da an soke ta da baki ba.

Ta wuce shekarun shiga firamare, don haka aka sa ta a Islamiyyar malamar da safe, da ajin yaƙi da jahilci na Faransanci da yamma. Gwaji ya nuna tana karanta Larabci ba gargada, nahawu ne babu. Magana a gaban mutane kuwa mataki-mataki aka bi: karatu ga malamar ita kaɗai mako biyu, sannan ga ɗalibai uku, sannan biya wa ƙananan yara karatu tana zaune, sai a wata na huɗu ta tsaya gaban aji. Ba a wucewa gaba sai ta ce tsoron matakin ya sauka ƙasa da rabi. Sau ɗaya aka yi gaggawa, aka sa ta karatu a walimar sauka gaban iyaye maza, murya ta ɗauke mata, aka koma baya mataki biyu.

A 2019 aka kawo wasu yara biyu da suka dawo daga Libiya ba sa jin Hausa sosai, aka damƙa mata su. A Disamba 2019 Rosenberg ya kai 19. Ba ta ƙara sayen man ba.

Inda aka tsaya: 2023

Tana shekara ashirin tana koyar da aji biyu na ƙananan yara ana biyan ta alawus. Ta yi aure a 2022 da wanda ta zaɓa. Awon ƙarshe kafin ta cika goma sha takwas ya ba da CRIES-8 9, Rosenberg 21. Nankarwar ba ta ɓace ba. Faransancinta na karanta takardar asibiti ne, ba ta da shaidar kammala kowace makarantar gwamnati. Har yanzu ba ta hawa babbar mota, kuma in ta ga mai kaki gabanta yakan faɗi, sai dai ba ta canza hanya. In aka tambaye ta 'yar ina ce, takan ce a Tarabulus aka haife ta, Damagaram ne gida.

Hukunci

Rauni uku ne a jikin yarinya ɗaya, na fata da na firgici da na wariya, gidan ya ɗauke su ciwo guda, asibitin ma da farko biyu ya gani. Firgicin 2011 shi ya fi hayaniya kuma shi ya fi saurin jin magani: zama goma suka sauke makinsa daga 31 zuwa 14. Raunin wariya ya girme shi da shekaru, kuma bai motsa ba, domin ita kanta ba ta lissafa shi cikin abin da aka yi mata ba. Ta karɓe shi a matsayin gaskiya game da ita. Duk wanda ya tsaya a makin CRIES-8 zai rufe fayil a Yuni 2018, wata biyu kafin ta koma wa man. Ma'aikacin da ke bin tarihin yaron da ya taso cikin wariya dole ya tambayi zagi da ƙyama kai tsaye, don yaron ba zai kawo su da kansa ba.

Abubuwan da suka ƙara mata ciwo kamanninsu ɗaya: danniyar masu ruƙiyya, tsayuwa gaban allo, shanya tabarma, taron mutum ashirin. Kowanne ya maimaita ranar da aka fi ƙarfinta ana kallo. Rabon ba tsakanin malamai da asibiti yake ba, tunda tsohon malamin zaure ya yi daidai da abin da likitan yara zai ce a yi, ƙungiyar da ke da horo kuma ta kore ta mako biyu. Diazepam barci ya saya na mako uku. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta ce kada a ba yara irin wannan magani don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa.

Asara mafi tsada an yi ta ne a Oktoba 2012, kuma gwajin karatu na minti goma zai hana ta. Yarinyar da ta iya karatu aka mayar jahila don an auna ta da harshen da ba ta ji, abu ɗaya da take taƙama da shi kuma aka haramta a gida. Makin Rosenberg bai haura 15 ba sai da Larabcin ya zama aikin da wasu ke bukata a wurinta. Lallashi da yabo ba su yi wannan ba. Jinyar uwar kafin a fara tata ma tana da rabo babba, don da uwar ba ta iya zaman na takwas ba, babu mai sauke mata laifin ruwan.

Gibin aikin shi ne yarinyar aka yi wa jinya, gidan aka bari. Uban bai taɓa zama da kowa ba, har yau ba ya barci sai da rediyo a kunne. Ƙanenta da ke da shekara biyar a kan motar nan, wanda ya yi shekaru yana kiran ciniki a madadinta, ba a taɓa yi masa tambaya ɗaya ba, don shi bai yi fitsarin kwance ba kuma bakinsa bai mutu ba. Ya bar makaranta a aji biyar. A Disamba 2023, makonni kaɗan bayan gwamnatin Nijar ta soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, ya hau mota zuwa Agadas da niyyar wucewa Sabha.